Tsibin Kara a Inuwar Mangwaro

Azumin bana ya faɗo cikin bazara, irin zafin da tun hantsi kwalta ke sheƙi, mutum ya ji harshensa ya manne a ganda. Na daɗe ban ga azumi a wannan lokaci ba. Sai da ya bi ta sanyi, ya ratsa kaka da damina, sannan ya dawo inda na taɓa saninsa ina saurayi. Wataƙila shi ya sa abin da na gani a unguwar Durumi, nan Abuja, ya tsaya mini a rai haka.

Na taso daga ofis ne, ɗan tasi ya ajiye ni a bakin titi, na yanke ta gefen rafi don in rage hanya. Akwai samari da ke noman rani a wurin. Masararsu ta kai gwiwa, kore shar, ƙasa a jiƙe, har na tsaya ina shaƙar sanyin wurin. Sai idona ya kai kan wani tsibin kara. Dammuna ne a tsaye, an jingina su da katanga cikin inuwa, gindinsu ya yi baƙi saboda ruwan da ke tsiyaya daga tiyo.

Na yi wa ɗaya daga cikin samarin sallama, na ce, "Karan nan na wane ne?"

Ya ce, "Na oga ne, Baba. Ba a taɓawa."

Likita ya hana ni ɓacin rai, ga shi kuma ina da azumi. Amma har na isa gida raina a ɓace yake, don na taɓa jin wannan amsar, kusan kalma da kalma, shekara talatin da wani abu da suka wuce.

A wancan lokacin na gama digiri a fannin aikin gona, na gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba. Sai na taho wurin yayana, Yaya Sale, wanda ke zaune a bayan Mararaba da matarsa Talatu. Mararabar da nake faɗa ba ta yanzu ba ce. Idan ka bar titi ka gangara, sai fadama da rafi da bishiyoyin mangwaro. Mutanen garinmu da suka zo Abuja yawancinsu dako suke yi a kasuwar Wuse, ko leburanci a wurin gine-gine. Yaya Sale ya ce shi manomi ne ɗan manomi, ba zai ɗora kayan wani a kansa ba. Ya samu aron fili a bakin rafi daga wani dattijon Gbagyi, yana shuka masara da rani, ta nuna kafin ruwa ya sauka, masu gashi su zo su saye ɗanya.

Ranin da ya gabata tsutsa ta cinye masa rabin lambu. Saboda haka a wannan shekarar ya zuba duk abin da ya mallaka. Ya sayar da kekensa ya sayi taki da iri. Talatu ta ba da babbar akuyarta. Ranar da na iso, muna cin tuwo, ya faɗa mini ba tare da ya ɗago kai ba:

"Haruna, bana ce ta ƙarshe. In masarar nan ba ta yi ba, gammo zan ɗauka in bi su Wuse."

Na ce masa, a iya abin da na karanta, tsutsar nan ba daga sama take faɗowa ba. Idan an yi girbi, ba mutuwa take yi ba. Shigewa take yi cikin busasshen karan dawa da na masara, ta yi fari fat, ta daina ci, ta kwanta tana jiran danshi. Da ta ji ruwa sai ta naɗe kanta a kwanso, ta fito da fukafukai, irin malam-buɗe-littafin nan na dare, ruwan ƙasa, mai kewaya fitila. Shi ke bin ganyen masara yana saka ƙwai. Na ce ina zato, ko da yake ba zan yanke hukunci ba, wataƙila darnin da suke kewaye lambu da shi ne ke ajiye musu ita, tunda da kara ake yin sa, kuma ruwan ban ruwa na taɓa gindinsa.

Talatu ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Ina zato, ko da yake, wataƙila. Wannan duk a jami'ar aka koya maka? Malam Wataƙila, ciki take ko ba ciki take ba?"

Na tashi na zaro kara ɗaya daga darnin gidan, na tsaga. Babu komai. Na tsaga na biyu, shi ma haka, zufa ta fara karyo mini. A na gaba sai ga ta, kwance a cikin ɓargon karan, fara, mai kauri kamar ƙaramin yatsa. Talatu ta ja da baya ta ce, "La ilaha! Ashe da maƙiyi muke kwana." Daga ranar sunan nan ya bi ni, har yau da shi take kirana.

Wanda bai yi zaman karkara ba ba zai gane girman abin da na nemi mutane su yi ba. Kara ba shara ba ne. Shi ne darni, shi ne rumfa, shi ne makamashi, ganyensa kuma abincin dabbobi ne. Ba wanda zai ƙona karansa don wani yaro ya dawo daga makaranta da magana. Don haka ban ce a ƙona ba. Na ce a zage ganyen a ajiye wa awaki, a babbaka karan sama-sama, yadda zafi zai kashe abin da ke ciki amma karan ya rage da ƙarfinsa. Wanda ba a babbaka ba a baza shi a ƙasa, a fili, rana ta yi ta dukansa.

Yaya Sale ya bi masu lambu ɗaya bayan ɗaya, da tsagaggen kara a hannu. Hausawa, Gbagyi, har da wani Banufe mai alayyafo wanda ba ruwansa da masara, duk suka yarda, don kowa ya sha wuya bara. Aka sa gayya. Muka kwance darnin lambuna kaf, muka shimfiɗa, muka bi da wutar ciyawa muna juyawa da sanda. Hayaƙi ya cika fadama, idanu suka yi ja. Karan da aka babbaka baƙinsa ba ya barin hannu. In ka share zufa sai fuskarka ta koma gindin tukunya. Muka sake kafa darnin da hannuwa masu bororo. Har darnin gidanmu bai tsira ba. Kwana da kwanaki gidan na buɗe, Talatu na wanka a bayan zanen da ta rataya a igiya, tana yi tana faɗa:

"Malam Wataƙila, in tsutsar nan ta dawo bayan ka tone mini asiri a unguwa, kai zan babbaka."

Tsibi ɗaya ne ya rage a duk fadamar, kuma ya fi na kowa girma.

Alhaji Tanimu babban ma'aikaci ne a wata ma'aikata a cikin gari. Ya sayi filin da ke sama da lambun Yaya Sale, ya ɗaure bijimai yana kiwon turke. Ya sa an kwaso masa kara daga ƙauyuka a mota, aka jera dammunan a tsaye a ƙarƙashin mangwaro, inda rana ba ta kaiwa. Ina so in yi masa adalci, don ya rasu, kuma ba na son in haɗu da shi a lahira da haƙƙinsa a wuyana. Ba marowaci ba ne. Injin ban ruwa ɗaya ne a wurin, nasa ne, kuma ya bar masu lambu su yi amfani da shi, su dai zuba mai. Kafin injin, da jigo Yaya ke ɗibar ruwa har kafaɗarsa ta kumbura. Sai dai tiyon injin ta gindin mangwaron ya bi, kuma a daidai nan yake da huda. Duk ranar da aka tayar da inji, ruwan da ke zuwa raya masararmu sai ya fara jiƙa gindin tsibin Alhaji.

Da muka je wurin maigadinsa, amsarsa ke nan: "Na oga ne. Ba a taɓawa."

Muka jira Asabar, ranar da Alhaji ke zuwa duba shanu. Muka same shi a kujera cikin farar shadda, Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ni ma haka. Na yi bayani a hankali, na kiyaye kada wata kalma ta yi kama da umarni. Na ce mu za mu yi aikin da kanmu. Za mu zage ganyen mu adana masa, mu baza karan a rana. In hakan ya yi yawa, a bari mu janye tsibin daga inuwa kawai, mu ɗaure hudar tiyon.

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda babba ke yi wa yaro.

"Tsutsa a busasshen kara? Me take ci a ciki, iska?"

Na nemi izini na zaro ɗaya na tsaga. Allah ya taimake ni, tana ciki. Ya leƙa ya ce matacciya ce. Na taɓa ta da tsinke, ta motsa.

"To, guda ɗaya ke nan. Malam Sale, ƙanen nan naka yana da ƙoƙari. Amma in kun baza mini kara a fili, awakin unguwa za ku tara mini. Ku bari, zan duba."

Na yi shekaru a ofis tun daga lokacin, na san ma'anar "zan duba" yanzu. A ranar ban sani ba. A hanyar komawa na ce wa Yaya mu dawo mako mai zuwa mu tuna masa. Ya girgiza kai.

"Mai injin ne, Haruna. Sau ɗaya ake faɗa wa mai inji magana."

Muka yi shuka. Masara ta fito kamar an zana ta, kowane fangali cike. Aka ga wata, aka ɗauki azumi, zafi kuma ya sauko da dukkan nauyinsa.

Ina tuna tsarin kwanakin nan fiye da yadda nake tuna abin da na ci jiya. Daga sallar asuba sai lambu. A tayar da inji, ni in bi ruwa da fartanya ina buɗe bakin fangali, in ya cika in toshe in buɗe na gaba. Wahalar ba ta rana ba ce kawai. Mutum ne yana tsaye cikin ruwa har idon sawu, ruwa mai sanyi yana gudu tsakanin yatsunsa, maƙogwaronsa kuwa kamar an zuba yashi. Kafin azahar ganyen masara ya nannaɗe, mu ma mu nannaɗe a gindin bishiya, a jiƙa rawani a rufe fuska, ba mai iya magana. Da la'asar a koma cire ciyawa. Talatu na can tana suyar ƙosai na sayarwa da babbakakken kara, hannunta baƙi, goshinta baƙi. Wanda ya rage bai sayu ba shi ne na buɗa bakinmu, da kunun tsamiya da sukarinsa bai taka kara ya karya ba. Tuwo kuwa an rage masa girma, don hatsin da ya rage sai an ja shi ya kai nunar masara. Ba mu damu ba. Muna kallon lambun muna ganin ƙarshen wahala.

Duk ranar da na wuce ta gindin mangwaro sai na dubi tsibin. Gindinsa ya yi laushi, yana warin ruɓa. Na taɓa ɗaure hudar tiyon da tsohuwar roba, maigadi ya kwance, wai a nan yake tarar ruwan alwala.

Wata magariba, an kira salla, mun zauna a tabarma, Talatu ta kunna fitila. Ban kai ga kurɓar kunu ba sai wani abu ya faɗo cikin kofina yana fiffika. Na ɗaga kai. Sun kewaye gilashin fitilar, ruwan ƙasa, ƙanana, suna karo da juna. A lokacin ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba.

Talatu ta ce, "Malam Wataƙila, baƙinka ne?"

Na ce yana yiwuwa wasu iri ne daban, don suna da kama da juna, sai an duba da kyau. Yaya Sale ya miƙo hannu. Ya tsame wanda ya faɗa kofina da yatsa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya murje shi a tabarma.

Ba a jima ba alamu suka bayyana. Sabon ganye in ya buɗe sai ka ga ƙananan huda a jere, kamar an bi da allura. In ka leƙa cikin kan masarar, inda ganye ke naɗe kamar mazurari, sai ka ga wani abu kamar dusa mai danshi. Fangalolin da ke kusa da mangwaro su suka fara, wato namu. Daga nan abin ya gangara lambu bayan lambu, yana raguwa yadda kake nisa da tsibin.

Muka yi abin da za mu iya. Maganin feshi ya fi ƙarfinmu, kuma da tsutsa ta shige cikin kara ba ya iske ta. Talatu ta daka 'ya'yan darbejiya, muka haɗa da toka da yashi, muka bi masara ɗaya bayan ɗaya muna zubawa a cikin kanta da yatsu. Mutum a sunkuye tun safe, da azumi, ganye na yankar wuya, toka na shiga yankan, ɗacin darbejiya na tashi har cikin maƙoshi. Na ga Yaya ya miƙe wata rana ya yi tangaɗi, ya dafa darni, ya tsaya idonsa a rufe. Na ce ya je inuwa. Ya ce, "In na zauna, ita ba ta zauna ba."

Da mun gama zagaye sai sabbin huda su fito, don masu fukafukan ba su daina zuwa ba. Sannan tsakiyar masara ta fara bushewa. Ganyen gefe kore, na tsakiya ya yi fari, in ka ja shi sai ya zare a hannunka da wari. Wadda ta tsira ta yi tsawo, har ta fara goyo, muka ce ko za a samu wani abu.

Ana cikin goman ƙarshe hadari na farko ya haɗo daga gabas. Yini guda iska ta tsaya cak, gumi kamar a cikin tukunya. Da la'asar sama ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya sauko da ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya tashi. Yara na ta ihu a unguwa, mu ma mun tsaya a ciki muna jin daɗin sanyin a jikinmu. Da aka ɗauke muka gangara lambu. Masarar ta kwanta. Ba tuge ta iska ta yi ba, karyewa ta yi daga tsakiya, don cikinta rami ne. Yaya ya ɗauki ɗaya ya tsaga da farce. Baƙin rami tun daga gindi har wuya.

Asabar ta zagayo, Alhaji ya zo, wannan karon da babbar mota a bayansa. Ya tara masu lambu ya jajanta, kuma na yarda da gaske ya ji tausayi. Sannan ya ce tunda masarar ta lalace, kada a yi asara biyu, shi zai saye ɗanyen karan don bijimansa, ko ba komai a rage zafi.

Mutane suka sunkuyar da kai. Ban san lokacin da Talatu ta iso ba. Ita da ba ta shiga taron maza, sai ga ta da mayafi a ɗaure a ƙugu, ta wuce maigadi kamar ba ta gan shi ba, ta finciko kara daga gindin tsibin, ta zo gaban Alhaji ta tsaga. Kwanso ne a ciki, ja-ja, fanko. Ta tsaga wani, kwanso. Ta tsaga wani. Ta zube su a gaban takalminsa.

"Ranka ya daɗe, ga ɗakunan hayarka. Masu hayar sun tashi, sun koma gonar mijina. Ni na yi wanka a bayan zane saboda tsutsar nan. Kai me aka ce ka yi? Janye kara daga inuwa!"

Yaya ya ce, "Talatu." Amma ba ta matsa ba.

Alhaji bai dube ta ba. Ni ya juyo ya duba.

"Kai ne mai ilimin. Kana da azumi, ni ma ina da shi. Za ka iya rantsewa cewa tsutsar da ta ci masarar nan daga karana ta fito? Ba daga ciyawar rafi ba, ba daga wata gona ba?"

Na ce rantsuwa ba zan iya ba, don ban bi su da ido daga nan zuwa can ba, kuma gaskiya ne takan zauna a wasu manyan ciyayi. Amma duk alamu, da yadda ta fara daga nan, da fitowarta kafin ruwan sama, da waɗannan kwanson...

Bai bari na ƙarasa ba. Ya buɗe hannuwa ya juya ga jama'a.

"Kun ji ko? Mai digirin ma bai tabbata ba. Jama'a, ƙaddara ce. Allah ya mayar da alheri."

Aka ce amin. Har da waɗanda hannunsu bai gama warkewa daga babbaka ba, suka ce amin, don gobe ma suna bukatar inji.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har yau, kuma ban ga ranar da zai daina ba. Abin da na faɗa gaskiya ne, ko yanzu aka tambaye ni haka zan faɗa. Amma mutumin nan ya ɗauki rabin maganata, rabin da ya yi masa daɗi, ya toshe bakin mutane da shi. Fadama guda ta kwance shingenta, ta sha hayaƙi, ta yi abin da ya kamata, ba wanda ya nemi rantsuwa kafin ya yi. Shi kaɗai, da aka nemi abu mafi sauƙi a wurinsa, shi ne sai an kawo masa shaidar da ba ɗan Adam da zai iya kawowa.

Wasu suka sayar masa. Motar ta cika, aka kai ɗanyen karan, da tsutsarsa a ciki, aka jera a gindin mangwaron nan dai. Yaya Sale ya ƙi. Ya sare tasa da kansa, ya zage ganyen ya raba wa masu awaki, ya tara karan a tsakiyar lambu ya bar shi ya sha rana, ya cinna masa wuta. Na ce masa ai da ya karɓi ko ɗan abin da za a ba shi. Ya ce, "Ba za ta kwana a karana ta tashi ta ci gonar wani ba."

Ana gobe salla Alhaji ya aiko da buhun masara, sadaka, a raba wa masu lambu. Aka kawo mana kasonmu a kwano. Talatu ta rantse ba za ta dafa ba, ta tura kwanon bayan randa. Amma hatsinmu ya ƙare. Bayan salla da 'yan kwanaki na ji ƙarar turmi, na leƙa, sai na gan ta tana surfa masarar, tana yi hawaye na zuba, tana buga taɓarya kamar za ta fasa turmin. Muka ci tuwon.

Washegari Yaya ya naɗe tsohon rawaninsa ya yi gammo, ya fita ya tari motar Wuse. Ya jingina fartanyarsa a bayan ƙofa, a nan ta yi tsatsa. Ya yi dako, daga baya ya samu baro, ya tura shi har gwiwoyinsa suka gaza. Da na samu aiki na yi ta roƙonsa in nema masa fili, ya ce a'a, ya riga ya yi sallama da ƙasa.

Yanzu fadamar nan shaguna ne da gidajen haya, rafin ya koma kwata. Mangwaron ma an sare. Samarin Durumi suna da abubuwan da ba mu yi mafarkinsu ba. Na ga injinsu mai aiki da hasken rana, na ga robobin maganin feshi a zube, kowa da waya a hannu. Ina fata, da gaske nake fata, nasu ya zo da sauƙi. Mai yiwuwa karan ogansu ba komai a ciki. Ban tsaga ba, ban gani ba.

Jiya na je Mararaba shan ruwa wurin Yaya. Ya tsufa, gashin tsakiyar kansa ya daɗe da ƙarewa inda gammo ya zauna. Na ba su labarin abin da na gani. Yana riƙe da dabino bai kai baki ba, ya tambaye ni:

"A inuwa yake ko a rana?"

"A inuwa, Yaya."

"Gindinsa a jiƙe?"

"A jiƙe."

"Masarar ta kai ina?"

Na nuna masa gwiwata. Ya yi ta murza dabinon tsakanin yatsu. Can ya ce, "To da saura. Gobe ka zo ka kai ni in ga yaran." Rabon da in ji ya nemi a kai shi gona tun waccan shekarar.

Na ce zan zo, amma ya kamata mu bi a hankali, mu fara sanin waye ogan, wataƙila mutumin kirki ne, wataƙila in an yi masa bayani...

Talatu ta tashi da ƙyar, ta dafa bango ta shiga kicin. Ta dawo ta cusa mini wani abu a aljihun gaba, ta danna da tafin hannu.

"Malam Wataƙila, ka yi bayaninka. In ya ce zai duba, ka ba yayanka wannan."

Kwalin ashana ne. Ba na goyon bayan a taɓa kayan kowa, kuma na faɗa mata haka. Amma ban mayar mata ba.